KARAYA DA GOCEWAR GAƁAR YATSA: ƘARAMIN CIWO MAI HANA BABBAN AIKI

Jama'a, a ƙasar Dogarawa hannu shi ne jarin talaka. Da shi ake dashen albasa a Galmi da kwarin Magiya, da shi ake jan guga, da shi ake riƙon hauya da damana, da shi ake ɗinke bakin buhu in kaka ta yi. Mace da shi take daka, take tatsa, take saƙar tabarma. Duk waɗannan ayyuka suna rataye a kan wasu ƴan gaɓoɓi ƙanana na yatsa, wanda a nan wajenmu aka fi ce ma farce.

Akwai wani ciwo da ke samun waɗannan gaɓoɓi, wanda mutane da yawa suke rainawa. Shi ne ƙashi ya karye a cikin gaɓa, kuma gaɓar ta goce a lokaci guda. Mutum ya kan ce targaɗe ne, ya sa a ja masa yatsan, ya ɗaure da tsumma, ya koma garka. Bayan wata biyu kumburi ya ragu, amma yatsan ya sandare kamar kara. Ba ya lanƙwashewa, ba ya riƙe ƙota. A wannan shafi za mu bayyana yadda ciwon yake, da aikin da likitoci suke yi masa, da abin da mai ciwo zai sa rai da shi bayan aikin.

YADDA GAƁAR TAKE

A hannu guda akwai ƙasusuwa 27. Daga cikinsu 14 na yatsu ne. Babban yatsa yana da ƙashi biyu, sauran huɗun kowane yana da uku. Gaɓar da ta fi shan wahala ita ce ta tsakiyar yatsa, wadda take tsakanin ƙashi na farko da na biyu. Ita ce take yin mafi yawan aikin lanƙwasa idan mutum ya dunƙule hannu.

Ku duba yatsanku. Kan ƙashi na farko mulmulalle ne kamar kan taɓarya. Gindin ƙashi na biyu kuwa yana da ɗan zurfi kamar ƙaramin ƙoƙo, kan na farko yana zaune a cikinsa. Fuskokin biyu an lulluɓe su da guringuntsi mai santsi, don kada ƙashi ya goge ƙashi. Dama da hagu akwai jijiyoyi masu riƙe gaɓar kamar igiya. Ta wajen tafin hannu kuma akwai wata jijiya mai faɗi da kauri, kamar ɗan gyauron fata, wadda take manne da leɓen ƙoƙon. Ita ce take hana yatsa karyewa ta baya.

Idan wani abu ya bugi kan yatsa da ƙarfi yana miƙe, ko ya tanƙwara shi baya, kan ƙashi na farko sai ya daki leɓen ƙoƙon ya ɓalle shi. To, ƙoƙon da bakinsa ya ɓalle ba ya riƙe abin da ke cikinsa. Sai ƙashi na biyu ya zame, galibi ya hau ta wajen bayan hannu. Wannan shi ne karaya da gocewa a haɗe.

ABUBUWAN DA KE KAWO SHI A WAJENMU

Igiya ita ce ta farko. Makiyayi ko yaro ya naɗe igiyar sa ko ta jaki a yatsu, dabba ta fizge. Mai jan ruwa ya naɗe igiyar guga, guga ya kuɓuce ya koma rijiya da nauyinsa. Sai injin ban ruwa, wanda igiyar tayar da shi ta kan fizgo hannu, da injin niƙa mai hannun murɗawa wanda ya kan dawo baya ya bugi mai shi. Akwai faɗuwa daga babur ko amalanke, mutum ya dafa ƙasa da yatsu a miƙe. Akwai lodin buhunan albasa da na siminti, inda buhu ke danne yatsa. Akwai kuma wasa: mai tsaron gida a ƙwallo, da ɗan kokowa wanda yatsansa ya maƙale a jikin abokin karawa.

YAYA ZA A GANE SHI?

Ido kaɗai ba ya raba targaɗe da wannan ciwo. Amma ga alamun da bai kamata a yi wasa da su ba:

1. Gaɓar ta kumbura nan da nan, ta yi kamar ƙwallon goriba ƙarami.
2. Yatsan ya karkace, ko ya gajarce, ko an ga tudu ta bayan gaɓar.
3. Mutum ya kasa lanƙwasa gaɓar tsakiya, ko ya kasa miƙe ta.
4. An ja yatsan ya koma, amma da an saki sai ya sake zamewa.
5. Idan an dunƙule hannu, yatsan yana hawa kan ɗan'uwansa.
6. Akwai rauni a kan gaɓar, ko ana ganin ƙashi.
7. Kan yatsan ya yi sanyi, ko ya mutu ba a jin taɓi.

Kada motsin yatsa ya ruɗe ku. Ana yawan cewa in dai yatsa yana motsi to bai karye ba. Wannan magana ta cuci mutane da yawa. Yatsa mai wannan ciwo ya kan ɗan motsa, amma yana motsi ne kamar ƙofar da ta fita daga maƙallinta, ƙashi yana cin ƙashi.

Abin da ke faɗin gaskiya shi ne hoton ƙashi, wanda ake ce ma radiyo. Wani masani Bajamushe mai suna Rontgen ne ya gano hasken da ake ɗaukarsa da shi a 1895. Ana ɗaukar yatsan shi kaɗai, ta gaba da ta gefe. Hoton gefe shi ya fi muhimmanci, domin a nan ne likita yake ganin girman ɓallin, da ko gaɓar ta zauna daidai. Hoton hannu gaba ɗaya, inda yatsu suka hau kan juna, ya kan ɓoye ciwon.

ABIN YI A RANAR FARKO

A cire zobe nan take, tun kumburi bai hau ba. In ya ƙi fita a shafa sabulu ko mai. Zoben da aka bari ya kan shaƙe yatsa har jini ya daina zuwa.

A haɗa yatsan da na kusa da shi, a sa ɗan tsumma mai tsabta a tsakaninsu, a ɗaure sako-sako. A ɗaga hannun sama da ƙirji. A ɗora tsumma mai ruwan sanyi, ko ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle, kamar minti 15. Ana iya shan farasitamol don rage zafi.

Idan akwai rauni, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta da yawa, a rufe da ƙyalle wankakke. Kada a zuba ƙasa, ko kashin shanu, ko toka, ko baƙin mai, ko garin batir. Raunin da ya kai cikin gaɓa ba ya kwana a gida. Ranar nan za a tafi gidan likita, don a wanke shi sosai, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi allurar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki da ƙulle muƙamuƙi.

Kada a yi ta jan yatsan ana maimaitawa. Kada a murza da man shanu mai zafi. Kada wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a kan gaɓar. Tsaga tana buɗe ma ƙwayoyin cuta hanya zuwa ƙashi, kuma likita ba ya iya yin aiki a kan fatar da ta yi ruwa.

INA ZA A NUFA?

A fara da gidan likita mafi kusa. Majo zai duba, ya ɗaure, ya rubuta takardar turawa zuwa inda ake ɗaukar hoto. Mutanen Dogarawa suna da sa'a guda, domin asibitin Galmi a cikin ƙasarsu yake, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Konni ta nufi Madawa. Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta buɗe shi a 1950, kuma ya yi suna wajen tiyata, har daga Najeriya ana zuwa. Akwai asibitin gunduma a Birnin Konni, da babban asibitin jaha a Tawa, wanda ya fi kusa ga mutanen Illela da Badagishiri. Ayyukan da suka fi wuya ana tura su wajen likitocin ƙashi a manyan asibitoci, kamar na Yamai.

Abin da ya fi kome shi ne lokaci. Kwanakin farko su ne na zinariya. A cikin mako na farko gaɓa tana komawa da sauƙi. Daga mako na uku ɓallin ya fara kamawa a inda bai dace ba, jijiyoyi sun fara ƙanƙancewa. Bayan mako shida likitoci suna ɗaukar ciwon a matsayin tsoho, aikinsa ya fi wuya, sakamakonsa ya fi ƙaranci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

YADDA LIKITA YAKE YANKE SHAWARA

Likita yana duban girman abin da ya ɓalle daga bakin ƙoƙon. An raba abin gida uku.

Idan ɓallin bai kai kashi 30 cikin 100 na fuskar gaɓar ba, galibi gaɓar tana zama in an mayar da ita. Idan ya kama daga kashi 30 zuwa 50, gaɓar tana tsakiya, ko ta zauna ko ta zame. Idan ya wuce rabi, ba za ta zauna da kanta ba, sai an yi aiki.

Bayan hoto, likita ya kan yi allurar kashe zafi a gindin yatsa, ya mayar da gaɓar, ya sa mai ciwo ya lanƙwasa ya miƙe. Yana so ya ga a ina take fara zamewa. Burinsa biyu ne. Na ɗaya, gaɓa ta koma mazauninta ta tsaya. Na biyu, ta fara motsi da wuri. Duk hanyoyin da za mu lissafa a ƙasa, waɗannan abubuwa biyu suke nema.

MAGANI BA TARE DA YANKA BA

Idan ɓallin ƙarami ne kuma gaɓar ta zauna, ana haɗa yatsan da ɗan'uwansa da filasta na ƴan makonni, mai ciwo yana ta motsa shi. Ɗan'uwan shi ne karan ɗori, shi ne kuma mai koya masa tafiya.

Idan gaɓar tana zama a lanƙwashe amma tana zamewa in an miƙe, sai a sa wani ɗan ƙarfe ko roba ta bayan yatsan, a tanƙware. Wannan ƙarfe yana barin yatsa ya lanƙwashe yadda yake so, amma yana hana shi miƙewa gaba ɗaya. Kowane mako likita yana ɗan buɗe ƙarfen kaɗan, har yatsan ya miƙe a cikin mako huɗu zuwa shida. Wasu likitocin Amurka, McElfresh da abokan aikinsa, su suka bayyana wannan dabara a 1972. Tana da arha, amma tana bukatar zuwa asibiti kowane mako, da sake hoto, don a tabbata gaɓar ba ta zame a ɓoye ba.

AYYUKAN TIYATA

Na farko: waya mai tare hanya. Likita yana soka wata siririyar waya ta ƙarfe, mai kama da basilla, a kan ƙashi na farko ta baya. Wayar tana tsayawa kamar turke, ta hana ƙashi na biyu hawa. Ba a yanka fata. Ana zare ta bayan kamar mako uku zuwa huɗu. Irin wannan waya tana ɗauke da sunan Kirschner, likita Bajamushe da ya fara aiki da ita a 1909, kuma har yau ita ce kayan aikin da aka fi samu a asibitocin da ake ɗorin ƙashi.

Na biyu: wayoyi da roba. Wannan na gaɓar da ta farfashe ne, kamar tukunyar da aka taka. Ɓallayen sun yi ƙanƙanta, ba su ɗinkuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai likita ya ratsa waya guda a ƙashi na farko, wata a ƙashi na biyu, ya tanƙwara bakunansu a waje, ya haɗa su da robobi. Robobin suna jan yatsan a hankali dare da rana. Jan yana miƙe jijiyoyin da ke kewaye da gaɓar, su kuma su tattara ɓallayen su koma kusa da mazauninsu. Daɗin abin shi ne mai ciwo yana iya lanƙwasa yatsan da wayoyin a jikinsa. Wani likita ɗan Japan mai suna Suzuki da abokan aikinsa suka bayyana wannan hanya a 1994. Kayan aikinta waya ce da roba, don haka ta dace da ƙasashe irin namu. Ana barin ta mako huɗu zuwa shida.

Na uku: buɗewa a ɗaure ɓallin. Idan ɓallin guda ɗaya ne babba, likita ya kan yanka ta wajen tafin yatsa, ya mayar da shi, ya ɗaure da ƴan kusoshi masu murɗi waɗanda kaurinsu bai fi milimita ɗaya da rabi ba. Aiki ne mai kyau idan ƙashin ya yarda, amma yanka yana barin tabo a ciki, tabo kuwa yana jawo sandarewa.

Na huɗu: toshe gurbin da jijiya. Idan ɓallayen ba su gyaruwa, ana iya kwashe su, a jawo jijiyar nan mai faɗi ta wajen tafi, a cusa ta cikin gurbin, a ɗinke ta da ƙashi. Ita za ta zama sabon leɓen ƙoƙo. Likitoci biyu na Amurka, Eaton da Malerich, suka ba da labarin wannan aiki a 1980. Ya fi kyau idan gurbin bai yi girma ƙwarai ba.

Na biyar: dashen ƙashi daga wuyan hannu. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa takwas. Ɗaya daga cikinsu, wanda ke gindin yatsu biyu na ƙarshe, yana da wani gefe mai siffar leɓen ƙoƙon da ya ɓalle. Likita yana yanko ɗan gutsure daga nan, da guringuntsinsa, ya dasa a yatsan, ya ɗaure da kusoshi. Kamar yadda mai gyaran ƙwarya yake neman sakaina mai irin lanƙwasar inda ya fashe. Likita Hastings na Amurka ne ya gabatar da wannan hanya a 1999. Ana yin ta ga gaɓar da fiye da rabinta ya tafi, da kuma tsohon ciwo. Tana bukatar ƙwararren likitan hannu da kayan aiki na musamman, waɗanda ba kowane asibiti ke da su ba.

Na shida: kashe gaɓar. Idan guringuntsi ya cinye duka, kuma zafi ya hana barci da aiki, ana iya haɗe ƙasusuwan biyu su zama ɗaya, a ɗan lanƙwashe, yadda hannu zai iya riƙe ƙota. Gaɓar ba za ta sake motsi ba, amma zafi zai tafi. Wannan shi ne aikin ƙarshe, kuma mafi yawan waɗanda ake yi ma shi su ne waɗanda suka makara.

Yawancin waɗannan ayyuka ba su bukatar a sa mutum barci. Ana kashe yatsan ko hannun da allura, mutum yana farke. Sau da yawa ana komawa gida a ranar ko washegari.

ME ZA A SAMU BAYAN AIKI?

Likitoci suna auna lanƙwasar gaɓa da abin da ake kira digiri. Yatsa a miƙe sak, digiri 0 ke nan. Idan ya yi kusurwa irin ta bango da ƙasa, digiri 90 ke nan. Lafiyayyar gaɓar tsakiya tana kai digiri 100 ko fiye da haka kaɗan.

Gaskiya ita ce, gaɓar da ta karye ta goce ba ta cika komawa kamar da ba. Idan aiki ya yi kyau, kuma mai ciwo ya bi umarni, a kan sami digiri 70 zuwa 90. Wannan ya isa a riƙe hauya, a riƙe alƙalami, a kama igiya. A 2003 aka ba da labarin mutum 13 da aka yi ma dashen ƙashi daga wuyan hannu. Matsakaicin abin da suka samu digiri 85 ne. Labarin Eaton da Malerich kuwa yana da darasi gare mu. Mutum 24 suka yi ma aiki. Waɗanda aka yi ma kafin mako shida sun sami kimanin digiri 95. Waɗanda suka zo bayan haka, kimanin 78. Aiki ɗaya ne, likitoci ɗaya ne, ranar zuwa ce ta raba su.

Ga abubuwan da ya kamata a sani tun farko, don kada rai ya ɓaci:

Kumburi yana daɗewa. Ya kan kai wata shida, wani lokaci shekara. Gaɓar ta kan tsaya da ɗan kauri har abada, tsohon zobe ba zai shiga ba.

Yatsa ya kan kasa miƙewa sak, ya bar ƴar lanƙwasa kaɗan. Wannan ba ya hana aiki.

Da sanyin hunturu gaɓar ta kan yi tsami da safe. Wasu kuma, bayan shekaru, su kan sami ciwon gaɓa, domin guringuntsin da ya lalace ba ya tsirowa kamar ƙashi.

Bakin waya ya kan yi ruwa. Gaɓa ta kan sake zamewa. Shi ya sa ranar da likita ya ce a komo, a komo, ko da ba a jin zafi.

Shan taba yana jinkirta kamawar ƙashi. Mai ciwon suga kuma ya faɗa ma likita tun kafin aiki, domin rauninsa ya fi saurin yin ruwa.

RABIN MAGANI YANA HANNUN MAI CIWO

Babban maƙiyin wannan gaɓa shi ne zama wuri ɗaya. Gaɓar yatsa da aka ɗaure ba motsi fiye da mako uku ta kan sandare, ko da ƙashin ya kama daidai. Saboda haka, da zarar likita ya ba da izini, sai a fara motsa ta.

A riƙe ƙashi na farko da ɗaya hannun, a lanƙwasa gaɓar tsakiya a hankali har inda aka ji ta tsaya, a ƙirga biyar, a miƙe. A yi sau goma. A maimaita sau da yawa a yini. Hanya mai sauƙin tunawa ita ce a yi bayan kowace salla, a ƙara da hantsi da kuma kafin barci. Ɗan zafi ba laifi ba ne, amma kada a sa wani ya danne da ƙarfi. Sauran yatsu, da wuyan hannu, da kafaɗa, su ma a riƙa motsa su.

Muddin waya tana jiki, kada hannun ya shiga ruwan garka, ko laka, ko taki. A rufe shi da ƙyalle mai tsabta. Idan an ga ja, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko waya ta yi sako-sako, a koma asibiti ranar nan. Kada kowa ya zare waya a gida. Bayan an cire ta kuma bakin ya warke, jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin motsi yana taimako.

Ƙaramin aiki ana iya fara shi bayan mako shida zuwa takwas. Aikin ƙarfi, irin su huɗa, da jan guga, da ɗaukar buhu, da kokowa, sai kamar bayan wata uku, kuma da yardar likita.

A nan ne iyali suke da rawar takawa. Manomi ya kan ce ba zai bar dashe ya tafi asibiti ba, sai an cire albasa an sa a rudu. Daga dashe zuwa cira wata uku ne ko fiye, lokacin gyara ya wuce. A yi lissafi da kyau. Kuɗin mota da na hoto da ƴan makonnin hutu suna gefe guda. A ɗaya gefen akwai yatsan da ba zai sake riƙe ƙota ba har ƙarshen rai. Ƴan'uwa da maƙwabta su yi gayya su kama masa aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannu mai ciwo. Mata kuma, kada a ce ciwon yatsa bai isa a kai su asibiti ba. A ɗauke musu daka da wanki har su warke.

Yara ƙashinsu yana kamawa da sauri fiye da na manya. In ya kama a karkace, haka yaro zai girma da shi. Yaro a kai shi cikin kwana biyu ko uku.

MAGANA GA MAƊORA

Maɗora sun daɗe suna yi ma jama'a hidima, tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar nan. Mutane sun yarda da su, kuma galibi wajensu ake fara zuwa. Saboda haka kalmarsu tana da nauyi. Amma wannan ciwo yana cikin gaɓa ne. Ɓallin bai fi ƙwayar dawa ba, hannu ba ya jin sa ta kan kumburi. Ɗori da karare yana hana motsi, motsi kuwa shi ne rayuwar gaɓar. Ɗaurin da ya yi tsauri kuma yana tare jini, yatsa ya yi baƙi, har a kai ga yanke shi.

Ga gwaji mai sauƙi ga duk yatsan da aka ɗaure. A danna akaifa ta yi fari, a saki. Idan jini bai dawo ba kafin a ƙirga uku, ko yatsan ya yi sanyi, ko zafi yana ƙaruwa, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti. Maɗorin da ya ga ciwo a kan gaɓa ya ce a je a ɗauki hoto, darajarsa ƙaruwa take yi.

RIGAKAFI

1. Kada a naɗe igiyar dabba ko ta guga a yatsu. A riƙe ta yadda za a iya saki. A koya ma yara makiyaya wannan.
2. A cire zobe kafin aikin inji, da lodi, da hawa ko sauka daga babbar mota.
3. A kashe inji kafin a taɓa bel. A yi ma bel marufi.
4. Wajen murɗa injin niƙa, a sa babban yatsa gefe ɗaya da sauran yatsu, kada a zagaye ƙarfen da shi.
5. Masu lodi su yi kira ɗaya kafin a saki buhu.
6. Ɗan kokowa ko mai tsaron gida da yatsansa ya taɓa gocewa, ya haɗa shi da ɗan'uwansa da filasta kafin shiga fili.

Jama'a, wanda ya karanta wannan shafi ya karanta ma wanda bai iya ba, a dandali, da garka, da wajen rijiya. A riƙe abu uku. Gaɓar yatsa da ta kumbura ta ƙi lanƙwasa, a ɗauki hotonta a cikin makon farko. In likita ya ce aiki, kada a jira kaka. In an yi aikin, a motsa yatsa kullum kamar yadda aka nuna.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a aikin hannunmu.